Kifayen da Inna Balkisa ta ƙi soyawa

Kifaye arba'in ne kacal, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba, kuma a kansu karatuna na shekara uku a birnin Lyon na Faransa ya dogara. Kifin fitila ake ce musu, saboda ɗigon haske da ke jere a cikinsu. Da rana suna can ƙasan teku, wajen mita ɗari shida, inda ba haske. Sai rana ta faɗi su hauro su ci 'yan mitsi-mitsin jatan lande, kafin gari ya waye su koma. Aikina shi ne in buɗe tumbin kowanne in rubuta abin da ya ci.

A bazarar 2014 na je Paris na karɓo su daga wani ɗakin bincike, kowanne cikin ledarsa da lambarsa. Jirgin ƙasa sai washegari, don haka na sauka a unguwar Barbès wurin Inna Balkisa, ƙanwar mahaifiyata mai sayar da atamfa. Na cusa su a firjinta, ban ce mata komai ba. Wautata ke nan. Matar da ta tashi a bakin tafkin Madarunfa, ta ga kifi da hanjinsa a gidanta ta ƙyale shi?

Da safe na fita sayen tikiti. Ina dawowa na ji ƙamshin lemon tsami tun daga matakala. Na tarar da ita a kicin da wuƙa, ga yaji a gefe, ga ledoji a yage.

"Inna, kifina!"

"Raliatou, zamna," in ji ta, ko a jikinta. "Wa ya saida miki wanga abu?"

Na ƙirga. Goma sha biyu ta feɗe, sauran ashirin da takwas suna cikin ƙanƙara. Na ji haushi, na ji kunya. Amma mai bai ko hau wuta ba.

"Na tsaya ne," ta ce. "Diba nan."

Ta turo mini faranti. Ta ɗora hanjin kowane kifi a kan ledar da ya fito, don in mayar wa wanda take zaton ya sayar mini, ya gani da idonsa. Da tsinin wuƙa ta nuna mini wani zare shuɗi, siriri kamar gashi, cikin ragowar jatan landen. Biyar daga cikin sha biyun suna da shi. Zaren roba ne, a tumbin kifin da bai taɓa ganin gaɓar teku ba.

Na daɗe ina kallon farantin. Sannan na ɗauko littafina na fara rubuta lambobin, ita kuma tana wanke wuƙarta.

"Tun ina ɗiya nike gyaran kifi, ban taɓa ganin mai cin sashe ba," ta ce, tana nufin leda. "Kar ki ƙara saye wurin mutumin nan."

"To, Inna," na ce.