Finjalin Gahawa

Aikin Halliru a Dubai shi ne fentin gidajen da ba su fi kwalin ashana girma ba. A wata ma'aikata da ke Al Kusais ake ƙera su, a jera wa masu hali a gefen layin dogo na wasa, ɗan jirgin ƙasa kamar ƙadangare yana zagaya su. Wasu ke shafe bango da rufi. Shi nasa na ƙarshe ne, wato farin layin da ke kewaye taga da bakin ƙofa, da burushi mai tsinin gashin ido. Yakan riƙe numfashi, ya ja layi, sannan ya saki.

Tun bayan ƙaramar Sallah hannunsa na dama ya fara rawa. Ya daina shayi, ya daina goro, ya koyi dafa hannun a gefen tebur yadda ba mai lura. Ga bizarsa saura kaɗan a sabunta, ga 'yarsa Muhsinat a shekarar ƙarshe ta makarantar jinya a Kano. In aka sallame shi, karatunta ya tsaya. Ko matarsa bai gaya wa ba. Mutum ɗaya ya buɗe wa cikinsa, Ɗalhatu, shugaban sashensu, ɗan unguwarsu a Fagge.

"Haba Yaya Halliru, wannan ai ba komai," in ji Ɗalhatu. "Ni da kai, maganar nan ta shiga kabari."

Abin da Halliru bai kawo a ransa ba shi ne Mika'ilu, ƙanin matar Ɗalhatu, wanda ke kwance a ɗakin Ɗalhatun a unguwar Intanashinal Siti yana jiran gurbin aiki.

Ranar da za a kai wa wani dattijon Balarabe ɗan garin wasan da ya sa aka ƙera masa, Ɗalhatu ya ce da manaja a bar taga ɗaya ta tashar jirgin ba fenti. "Ranka ya daɗe, tsohon zai so ya ga gwaninmu yana yi a gabansa." Manaja ya ce madalla.

Halliru bai taɓa shiga gidan Balarabe ba. Aka zaunar da su a falon baƙi, ƙamshin turaren wuta ko'ina. Wani hadimi ya zo da buta mai dogon baki, ya tsiyaya gahawa a ɗan finjali marar mariƙi, ya miƙo masa. Halliru ya dubi Ɗalhatu.

"Karɓi mana," Ɗalhatu ya ce da Hausa, yana murmushi. "Ba a mai da hannun kyauta baya. Ka dai riƙe da kyau, manaja na kallonka."

Ya karɓa. Ya tattara duk ƙarfinsa a yatsu uku, ya riƙe numfashi kamar zai ja layi, ya shanye, ya miƙa finjalin a tsaye cak. Hadimin ya sake cikawa. Ya shanye, ya miƙa, ko motsi babu. Aka sake cikawa. Gumi ya keto masa a wuya. Shi dai ya ga an daina ba sauran, amma kunya ta hana shi cewa ya ƙoshi, kuma ba shi da Larabcin da zai faɗa ba tare da ya yi wa mai gida rashin ladabi ba. Dattijon ya yi dariya, ya ce wani abu.

"Cewa ya yi kai namijin gahawa ne," in ji Ɗalhatu. "Ƙara, Yaya, kada ka ba mu kunya."

Sanda aka ce yalla, wato a tashi, aka shiga ɗakin da aka jera garin, zuciyar Halliru na dukan uku-uku. Tashar na tsakiyar garin, ba wurin dafa hannu. Ya tsoma burushi, ya sunkuya, ya yi bisimilla. Farin fenti ya tashi daga kusurwar taga, ya ratsa jan bango a karkace kamar kashin tsuntsu, ya ɗiga a kan layin dogo. Ya kai hannu zai goge, ya ture wani ɗan mutum-mutumi mai jaka. Hannun na rawa a sama, kowa na gani.

A bakin ƙofa manaja ya ce ya biyo ofis da safe, ya zo da katinsa na shiga ma'aikata.

A mota Ɗalhatu ya kunna sanyi, ya miƙe ƙafa.

"Amma Yaya, ka sha gahawa yau! Ba ka san al'adarsu ba ne? In ka ƙoshi, girgiza finjalin ake yi, sai su daina zubawa. Ɗan kaɗan haka." Ya kaɗa yatsunsa a gaban fuskar Halliru. "Kai da hannunka ke yi da kansa kyauta, sai yau ka ga damar hana shi?"

Wayar Halliru ta yi ƙara a aljihu. Muhsinat ce. Ya ciro, ta suɓuce ta faɗi tsakanin kujeru, tana ta ruri.

"Bari in ɗauko maka," in ji Ɗalhatu. Amma lambar Mika'ilu yake nema a tasa.