Sifiri Biyu a Takardar Ɗalibar Likita

...kuma ba mantawa na yi ba, Cleotis, kai ma ka sani. Abin da mutum bai taɓa riƙewa ba, ta ina zai faɗi daga hannunsa?

Ƙarfe goma yarinyar ta ce za ta zo. Yanzu tara da rabi. Ina baranda, kwanon wake a cinya, ina ɓarewa. Zafin Yuli ya riga ya kwanta a kan kuɓewata. Kai kana can bayan coci shekara shida, kwance a kabarinka cikin inuwa, ka bar matarka da takardu.

Devika sunanta. Ɗalibar likita ce, hutun bazara aka turo su, sati takwas, wai su koyi binciken tsufa. Binciken tsufa! Na ce ƴar nan, ki jira shekara sittin, zai iske ki har gida. Ta ce, "Mama Ozella, malaminmu ba zai jira ba." Na ce to, ni ba a yi mini tambaya a banza. Shekara arba'in ina da rumfa a kasuwar Asabar, ba wanda ya taɓa raba ni da tumatir ɗaya da murmushi. Tambaya biyar, ki ɓare mini wake kwano ɗaya. Ta ce goma. Na ce huɗu. "Haba Mama, ai ƙasa kike yi!" Ƙara magana ki ji uku. Muka tsaya a biyar.

Kuma duk abin da ta kawo na cinye shi. Tashi daga kujera sau biyar ba dafawa — na yi shida. Tafiya daga ƙofa zuwa gindin bishiya, tana bina da agogo. Kalmomi uku in riƙe... na riƙe, na ƙara mata da na satin da ya wuce. Cire bakwai daga ɗari, a yi ta cirewa. Ni? Kafin ta buɗe biro na kai sittin da biyar.

Sai ranar Talata ta miƙo wata takarda. "Karanta, Mama, ki yi abin da aka rubuta."

Baƙaƙe manya-manya. Na ga O na sunana a ciki, har biyu. Sauran suka tsaya suna kallona kamar karnukan wani gida. Auduga, Cleotis — Satumba, yara na wucewa makaranta, ni ina jan buhu a gonar farar fata, Baba na cewa bayan girbi. Kullum bayan girbi. Aji biyu na yi, shi ma rabi da rabi...

Na ce tabarauna na ɗaki. Ta ce a hankali, "Yana kanki, Mama." Na sauko da shi, na goge, na sake gogewa. Na ce wannan wasan yara ne, ba na yi. Ta ce to in rubuta magana ɗaya, kowace iri. Na rubuta Ozella Tillman, yadda ka koya mini a teburin kicin, ƙofa a rufe. Ta duba. Ta zana ƴar da'ira a takardarta, ta ƙara wata. Sifiri kam na san shi.

Ba muguwa ba ce. Fuskarta ce kawai ta sauya, irin kallon da ake yi wa kankanar da ta fara laushi ta ƙasa.

Ta gaya wa malaminta, wai dole ne, kada ya zama ciwon mantuwa ne. Malami ya kira Renita a Atlanta, don lambarta ce a takarda. Jiya ɗiyarka ta bugo, murya kamar an shafa mata mai: "Mama, na je na ga wani wuri mai kyau, akwai masu kula, har da lambu..." Lambu! Tukunyar fure uku a bakin taga. Su karɓe makullin motata, su sayar da gidan da ka kafa da hannunka, su jera ni cikin tsofaffi gaban talabijin, baki buɗe.

Yau za a maimaita gwajin, malamin na tare da Devika. Juma'a hutunsu zai ƙare, abin da aka rubuta ya zauna.

Magana ɗaya ce fa. In ce: ƴar nan, ban iya karatu ba. Shi ke nan, su goge sifirinsu, in zauna a gidana. Ciniki mai sauƙi, ko ba haka ba? Amma za ta rubuta. Su komai rubutawa suke yi. Kuma Renita za ta karanta. Ni da ke riƙe littafin waƙa a coci, ina juya shafi in Sista Verlene ta juya nata. Ni da kowace yamma nake ce wa Renita kawo aikin makarantarki in duba, in ɗaure fuska, in ce wannan layin bai yi ba, sake — ta sake, baiwar Allah, tana share hawaye. A kan wannan ƙaryar ta hau har ta zama lauya. In zare ta yanzu?

Wake ya ƙare. Hannuna na ta lalube cikin kwanon da ba komai.

Ko a gidan abinci, Renita... "Mama, bari in karanto mana, rubutunsu ƙanana ne." Wasiƙar inshora, ita. Kwalaben magani, jan zare a na safe, shuɗi a na yamma — wa ya ce ta ɗaura zare? Tun tana shekara tara take tsayawa bayan kafaɗata, tana karanta aikin nata da ƙarfi, yatsanta na bin layi a hankali, ni ina cewa yarinyar nan da son jin muryarta...

Tun tana tara.

Cleotis. Ta sani.

Ta sani, malamin ya kira ta ya ce sifiri biyu, ba ta ce uffan ba. Asirina take rufewa? Ko ƙofa ta gani a buɗe, ta ɗauke ni daga nan ba sai mun yi ja-in-ja ba? Jinina ce, duka biyun za ta iya...

Ƙarar taya a kan tsakuwa. Mota ta tsaya, ƙofa biyu sun buɗe. Devika na ɗago mini hannu, takardun a ƙirjinta. Ina ɗaga mata nawa. Wa zan fara faɗa wa — wannan da ba ta sani ba, ko waccan da ta sani...