Shaidar Kunnen Shanun Na-Allah

Jabiru ɗan Nasidi shinkafa yake saidawa a babbar kasuwar Malanville. In rana ta take, masu saye suka janye, sai ya jawo kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami, daga bayan buhuna ya kama rubuta labarin ɓarayi. Ba wanda ya koya mishi. Shekara shida yana haka, ba a taɓa buga mishi ko layi guda ba. Sai bana wata malamar lakwal, makarantar boko, a Gaya can ƙetaren kogi, Malama Samira, ta tara marubuta tara daga garuruwan bakin kogi, kowa ya kawo labarin laifi da yadda aka gano mai shi, a haɗa su littafi ɗaya. Ta karɓi na Jabiru, labarin satar shanu. Ran Alhamis za a kai wa mai bugawa.

Murna ta sa shi wauta. Ya karanta rabin labarin cikin salula ya tura wa abokai biyar, kamar bai san kowane cikinsu yana da nashi abokan ba.

Ran Talata Rabiou dillalin shanu ya tsaya gaban rumfar, ko sallama bai gama ba.

"Marubuci! Ashe Baba Na-Allah ɓarawo ne, ba mu sani ba?"

"Wane irin zance ne wanga? Ɓarawona ko suna ban ba shi irin na mutanen nan ba."

"Mi ka ce bisa kunnen shanun gidansu?"

"Tsaga biyu a dama, an gutsure kan na hagu."

"To daga nan har Madécali, wa ke da wagga shaida?"

Jabiru ya ajiye mudun da ke hannunshi. Kowane gidan makiyaya da yankan da yake wa kunnen shanunshi, kuma a kasuwar dabbobi yankan ya fi suna ƙarfi. Shi ya sake sunan mutum, ya sake sunan gari, ya ɗauka ya gama. Da ya zo kan kunne, sai ya rubuta wanda idonshi ya saba gani tun yana ƙarami, bai tambayi kanshi na wane ne ba. Na Na-Allah ne, dattijon ƙauyen Toumboutou da ke riƙe da shanun gidan Nasidi amana tun marigayin, baban Jabiru, na da rai, shekara talatin ba a rasa ko ɗan maraƙi ba.

"Jiya aka kunna mishi gaban jama'a," in ji Rabiou. "Ya ce ka taho gobe da hantsi."

"Ya ce don mi?"

"Ni dillali ne, ba mai duba ba. Amma na ga an ware naku huɗu, an ɗaure su waje guda."

Jabiru ya san ma'anar wannan. Makiyayi ba ya faɗa da wanda ya ba shi amana. Kora mishi dabbobinshi yake har ƙofar gida, ya yi sallama, shi ke nan tsakanin gidajen biyu. Ya kira Malama Samira ya roƙe ta ta dakata da nashi. Ta ce tana jira zuwa azahar ɗin Alhamis, ba ta ƙara minti.

Washegari kabu-kabu ya sauke shi bakin ruga. Shanun huɗu na ɗaure gindin gawo, kamar yadda aka faɗa. Na-Allah na zaune bisa buzu, sanda kwance a cinya. Jabiru ya cire takalma ya durƙusa, ya gaida shi, ya tambayi iyali da dabbobi. Tsohon ya amsa duka, bai rage ba, bai ƙara ba.

"Baba, na yi kuskure. Ku yi mini..."

"Rabi aka kunna mini. Karanta tun daga farko, ɗan Nasidi."

Ya karanta. Ɓarawo ya sace bijimi, ya yanka mishi shaidar gidansu bisa ta mai shi, ya kai kasuwa, wani jandarma mai wayo ya duba kunne ya kama shi. Da ya kai ƙarshe, tsohon ya dube shi.

"Wanga ɓarawo naka wawa ne."

"Na'am, Baba?"

"Wa ya taɓa sata ya rubuta sunan ubanshi a kai? Sabon yanka jini yake, ƙuda na bin shi sati biyu, makaho ma ya gane. Ɓarawon gaske yanke kan kunnen yake gaba ɗaya, ya jira ya warke, ya ce kare ya ciji dabbar tana ƙarama. Kuma jandarman naka, a ina ya koyi kunnen shanu? Su takarda suka sani."

"To yaya ake kama shi?"

Na-Allah ya ɗaga kai wajen garken da ke kiwo can nesa, ya yi wani kira guda daga maƙogwaro. Wata jar saniya ta ɗago, ta baro sauran, ta taho har ta sa hanci a kafaɗarshi.

"Haka. Mai ita ya shiga kasuwa ya kira. Kunne a yanke shi, amma ba a yanke abin da ta ji tun tana shan nono."

Jabiru ya manta da tsoro, ya fara lalube aljihu neman bik.

"Ajiye. Ban gama ba. Ranar da aka kunna mini, mutanen da na girme wa ubanninsu suka yi dariya. Na taho na ware naku in kora muku. Sai na tuna Nasidi bai taɓa yanke mini hukunci da rabin magana ba. Yanzu na ji duka. Ba mugunta ba ce, rashin tambaya ne, kuma shi ma laifi ne ga mai rubutu. Cire shaidata. Kada ka sa ta kowa, kowace tsaga da mai ita. Sa'an nan inda ka bi ka ɓata, nan za ka bi ka gyara."

Nan take Jabiru ya fiddo salula, ya kunna ɗaukar murya. Ya faɗi sunanshi da na ubanshi, ya ce shaidar da ya ambata ta gidan Na-Allah ce, gidan da ke riƙe da dukiyarsu shekara talatin, kuma shi ne ya yi jahilci. Tsohon ya sa ya maimaita, wai na farko ya yi sauri kamar mai gudun jami'an duwan a bakin iyaka. Jabiru ya tura wa mutum biyar ɗin nan, ya ƙara da Rabiou.

Sa'an nan Na-Allah ya dafa sanda ya miƙe, ya kwance igiyoyin da hannunshi, ɗaya bayan ɗaya. Shanun huɗu suka nufi garke a hankali, suka shige cikin sauran har Jabiru ya kasa bambanta su. Sai lokacin ya zauna daɓas a ƙasa. Aka kawo nono a ƙwarya, ya shanye tas.

Alhamis da hantsi ya haye gada zuwa Gaya da kanshi ya miƙa wa Malama Samira sabon ƙarshe, babu tsaga ko ɗaya a ciki. Ta karanta a tsaye bakin aji, ta ce wannan ya fi na da nesa, ta tambayi inda ya samo shi. Ya ce Toumboutou.

Da ya komo rumfa ya tarar da Rabiou zaune bisa buhunshi.

"Marubuci, na ji tubanka har sau uku, matata ma ta haddace. Labari na gaba wa za ka ɗaure?"

"Dillali," in ji Jabiru. "Amma sai na tambaye ka tukuna."