Matar da Ke Cikin 'Yan Kallo

Helen ma'aikaciyar kyamis ce a unguwar Dutse Alhaji da ke babban birnin tarayya, kuma ba ta taɓa ɗaukar kanta marubuciya ba. Wata ƙawarta ce ta ja ta zuwa ajin koyon rubutu da ake yi ranar Asabar a wata firamare, inda Malam Sadisu, wani mai waƙa ɗan Zariya, yake koyarwa kyauta. Ƙawar ta daina zuwa, Helen ta ci gaba.

Malam Sadisu ya ce musu kowa ya rubuta abin da yake gani daga ƙofar ɗakinsa. Daga ƙofar Helen kuwa, ba abin da ake gani sai ɗakin Lantana, maƙwabciyarta a gidan haya. Mijin Lantana ya tafi Fatakwal neman aiki tun bara, waya ta yi ta raguwa har ta ɗauke. Helen ta rubuta labarin wata mata da ke shanya rigunan mijinta duk Juma'a ko da ba wanda ya sa su, tana dariya da rana, in an kwanta kuma a ji ta ta bango tana shessheƙa. Ta sa mata suna Nabilah. Malam ya karanta, ya ce Helen ce za ta tashi ta karanta shi a taron karatu na ƙarshen wata.

An yi taron da la'asar a wani lambun shan shayi a Gwarinpa, ƙarƙashin rumfa. Akwai marubutan da suka fitar da littattafai, sun jera su a tebur, akwai ɗalibai, akwai 'yan ajin Malam Sadisu sun takure a gefe guda. Wani saurayi mai suna Lukmanu ya buɗe da waƙar Turanci a kan cunkoson hanyar Mararaba, aka yi masa tafi. Sai da ya sauka ya nufi kujerun baya Helen ta ga wadda ya zauna kusa da ita. Lantana ce, da mayafinta ruwan toka. Ashe Lukmanu ƙaninta ne, shi ya gayyato ta.

Helen ta duba takardun hannunta. Ta yi tunanin ta ce makogwaronta na ciwo, amma an riga an kira sunanta. Ta tashi ta karanta, idonta a kan takarda tun daga farko har ƙarshe. Makirfon ya yi ƙara sau ɗaya, aka gyara. Da ta zo wurin shessheƙar, lambun ya yi tsit, har mai kawo shayi ya tsaya da tire a hannu.

Bayan tafi aka buɗe fagen sharhi. Wani dattijo mai gilashi ya ce Nabilah ba mace ba ce, ƙasa ce da shugabanninta suka gudu suka bari. Wata marubuciya ta ce ta gaji da labaran matan da ke zaman jira, ya kamata Nabilah ta ƙona rigunan. Wani ɗalibi ya tambaya ko labarin gaskiya ne.

"Ƙirƙira ne kawai," in ji Helen.

Lantana ba ta ɗaga hannu ba. Ta sha zoɓonta, ta yi wa masu karatun da suka biyo baya tafi daidai da kowa.

Da aka watse, Lukmanu ya tsaya ɗaukar hoto da abokansa, Helen da Lantana suka tsinci kansu a bakin titi suna jiran mota ɗaya. Suka samu tasi, suka matsu a baya da wani mutum mai buhun doya a cinya. Suka kama hanyar gida.

"Maman Gift," Lantana ta ce, tana kallon taga, "ashe haka kika iya rubutu."

"Maman Halimat, sori. Ban san za ki zo ba. Na canja suna ai."

"Kin canja." Lantana ta juyo daga tagar. "Rigunan nan, asu ne ke cin su in sun daɗe a akwati. Masu tsada ne. In bai dawo ba Lukmanu zai sa."

Helen ta gyaɗa kai.

"Abin da kike ji ta bango kuma ba kuka ba ne. Ciwon asma gare ni tun ina yarinya. In na kwanta take tashi."

"Asma? Me ya sa ba ki gaya mini ba? Ga ni a kyamis."

"A kasuwa nake sayen maganin. Ban son a san komai nawa a gidan." Ta gyara mayafi. "Kukan na yi shi, amma a Kano, a ɗakin mahaifiyata, da na je sallah. Nan ban taɓa yi ba."

Mai doya ya ce a sauke shi, suka samu sarari, kowa ta matsa gefenta.

A satin da ya biyo baya Malam Sadisu ya kira Helen ya ce za su haɗa ayyukan 'yan aji a ƙaramin littafi, yana son nata a farko. Ta zauna ta cire shessheƙar ta sa asma. Da ta sake karantawa sai ta ga labarin ya zama na wata mata da ke kula da kayan sawa tana fama da ƙirji, ba abin da zai sa lambu ya yi tsit. Ta tura masa haka nan. Ya amsa cewa na farkon ya fi, ta ce wannan take so. Ya sa shi a tsakiyar littafin.

Lantana ba ta yi fushin da za a gani ba. Suna gaisawa da safe a bakin famfo, Halimat na shigowa kallon talabijin wurin Gift kamar da. Sai dai hirarsu ta koma ta wutar lantarki da tsadar tumatir, kuma in Helen ta fito tsakar gida ta tarar Lantana na waya, sai ta ga ta tashi ta shige ɗaki ta ƙarasa a can.