Gilashin da Vern Ya Ɓoye

Mijina Vern ya rasu ya bar mini ɗakin ƙasa cike da tsohuwar roba. Wasu matan, gona ake bar musu ko kanti, ni kuwa gilasan nutso na gada, rataye a bango, da takalman nutso masu kama da ƙafar agwagwa, wasunsu sun girmi 'ya'yanmu. Tun yana saurayi yake bin gwanjo yana kwaso su. Ya wanke, ya jiƙa a ruwan ɗumi, ya shafe da mai, ya barbaɗa hoda, sannan ya zauna yana kallonsu kamar wanda aka yi wa haihuwa. Warin robar nan ya kama labulena, har a burodina ina jin sa. Na yi mita na gaji, wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

Ni ruwa bai taɓa wuce mini gwiwa ba, duk da tafkin Huron yana ƙofar gidanmu. Idona ne dalili. In na cire tabarau ko tafin hannuna sai na laluba, kuma idon hagu da na dama kowanne da nasa ciwon. Sau ɗaya, lokacin yana nemana, ya lallaɓe ni na sa gilashinsa, duniya ta koma mini kunu, na kurma ihu na fito. Daga ranar ya ƙyale ni. Sai dai kullum ya dawo ya ishe ni da labarin wani jirgin katako da ya nutse dab da gaɓa, wai haƙarƙarinsa na nan kwance a ruwan da bai kai ƙirji ba. Ni kuma in ce masa, "Ka gaishe shi."

Da ƙanƙara ta narke, amininsa Orville ya zo taya ni tattara kayan, don ƙungiyarsu ta masu tsofaffin kayan nutso aka bar wa su. A bayan injin ɗumama gida muka ci karo da kwali. A ciki akwai gilashi ƙarami ruwan ɗorawa, naɗe cikin tawul, da takalma su ma ƙanana. Duk ɗakin babu abin da aka gyara kamarsa, robar laushi kamar kuncin jariri.

Orville ya ɗaga shi saitin fitila, ya leƙa, ya yi baya yana murza ido.

"Kai! Wannan tsoho ya yi ɓarna. Ya cire gilashin asali ya sa na asibiti."

"Me ke nan?"

"An yanka shi daidai idon wani, Darlene. Kamar tabarau."

"Vern da yake karanta lambar mota daga ƙarshen layi?"

"Ai ba nasa ba ne, ko hancinsa ba zai shiga nan ba. Wannan kan mace ne." Ya dube ni. "Ko naki ne?"

Na daure na ce zan duba. Yana fita na ɗauki abin na kara a fuskata. Bango ya karkace, matakala ta zama biyu, jiri ya kwashe ni sai da na dafa teburi. Na sake gwadawa a bakin taga, duk ɗaya. Da ya bugo waya da yamma na ce masa, "Na gwada, ba nawa ba ne." Sai ya fara ba ni labarin farashin mai.

To na wace ce? Nan kaina ya ɗaure. Vern mutum ne da in mace ta gaishe shi a kanti sai kunnensa ya yi ja. Amma na tuna hunturun ƙarshe, duk ranar Alhamis sai ya tafi birni, wai neman madaurin gilashin nutso. Madauri nawa mutum zai saya? A hunturun nan komai ya birkice mini: na sa gishiri a kofi, tabarauna na ajiya ya yi ɓatan dabo, na juye gidan nan kaf, shi kuwa yana zaune yana cewa tsufa ne. Yanzu na rasa wanda zan tuhuma, shi ko ƙwaƙwalwata. Wani lokaci in ce ko na jikarmu ne, sai in tuna idonta garau. Wani lokaci in kama kaina ina leƙen ƙafafun mata a coci ina auna su da takalman nan. Na daina kai furanni kabarinsa. Na ji haushinsa, na ji kewarsa, kuma na ji haushin kaina da nake kewar maci amana, in har ya ci.

Ranar taron ƙungiyarsu na shekara ta zo, wanda suke yi a bakin tafki, kowa ya shiga ruwa da kayan zamanin kakanni. Orville ya ce a ranar zai ɓalle gilashin asibitin ya mayar da na asali, don in ba haka ba ƙungiya ba za ta baje kolinsa ba.

"Bayan an ci abinci," na ce masa. "Kafin nan nawa ne."

In ya ɓalle shi, shi ke nan, ba zan taɓa sanin idon da aka yanka wa ba. Don haka na sa gilashin da takalman a jaka, na dafa dankali kwano guda don kada a ce na zo hannu rabbana, na tafi farauta.

Na fara da Bev, matar Orville, tana jera kyafaffen kifi a teburi.

"Ungo, sa mu gani."

"Ni? Da wannan gashin da na biya aka gyara jiya?"

"Sa dai, ƙawata."

Ta sa, ta yi taku biyu ta rungumi teburi. "Wayyo! Darlene, giya kika zuba a ciki?"

Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Mai sayar da kofi ta ce ta ga mijinta ya zama biyu, kuma ɗayan ma ya ishe ta. Wata doguwa da ta zo daga Ohio, wadda na daɗe ina zargi saboda yawan dariyarta, ta ce cikinta ya juya. Maimakon in ji daɗi sai na ƙara rikicewa. Kowace ta cire, sai in ji sanyi a raina, sannan in ji kamar an ƙwace mini wani abu. Mutane suka fara kallona ta wutsiyar ido. Na ji Bev tana raɗa wa mijinta, "Rashin nan ya taɓa ta."

Saura mutum ɗaya, Inna Hilma, wadda ta koya wa rabin garin nutso, har da Vern. Ta haura tamanin, tana zaune a kujerar naɗewa da bargo a cinya. Na tsaya a gabanta ina jin kunyar abin da nake tunani.

"Ke 'yar nan, tun ɗazu kike yawo da abu kamar mai tallan goro. Kawo."

Ta karɓa ta shafa robar da babban yatsa. "Aikin Vern ne. Yaron nan akwai nawa, amma akwai hannu." Sai ta zare tabaraunta, ta naɗe shi a hankali, ta sa a aljihu. Ta tofa yawu a gilashin ta murza, yadda duk suke yi don kada ya yi hazo, sannan ta sa.

Ban ji abin da ta ce bayan nan ba. Aljihunta nake kallo.

"Inna, sai an cire tabarau?"

Ta ɗago gilashin zuwa goshi. "Me?"

"Tabarau. Sai an cire?"

"A'a, da hula da takalmi ake sawa! Shekara nawa kina auren mai nutso?"

Orville da ke bayana riƙe da ƙaramin sukudireba ya ce, "Darlene, ba kin ce kin gwada ba?"

"Na gwada mana."

"Da tabarau a fuskarki?"

Ni tabarau ba abin cirewa ba ne a wurina, da shi nake wanka, sau da yawa da shi nake barci. Na zare shi na miƙa wa Bev. Mutane suka narke, tafki da sama suka haɗe. Inna Hilma ta danƙa mini gilashin, na laluba na ja madaurin ta bayan kaina, ya zauna daram, ko gyara bai nema ba.

Sai ga komai. Ga fuskar Bev da ɗigon miya a haɓarta. Ga sukudireban Orville. Can nesa ga hasumiyar fitilar jiragen ruwa, har da tsuntsun da ke kanta. Ko tabarauna bai taɓa nuna mini duniya haka ba. Na tuna tabarauna na ajiya da ya ɓata, da ranakun Alhamis, da tsohon nan zaune yana ce mini tsufa ne, ashe shi ya kai shi birni a yanka gilashin nan daidai da shi, dariya yake dannewa.

Ban san lokacin da na nufi ruwa ba, da rigar coci da safa. Sanyi ya sare mini ƙafa, ya wuce gwiwa, ya kai ƙugu. Na sunkuya na tsoma fuskata. Duwatsu ne farare da jajaye, da ƙananan kifaye suna zagaya idon sawuna. Gaba kaɗan kuma ga wasu baƙaƙen katakai a jere, sun tanƙwara kamar haƙarƙari. Na ɗago na ja numfashi na koma, amma ban ƙara ganin komai ba, gilashin ya yi hazo.

"Ba ki tofa yawu da kyau ba!" Inna Hilma ta ƙwala daga gaɓa.

Na bar ta a haka, ban ce mata kuka nake yi ba. Na juya wajen da nake jin muryar Orville.

"Mayar da abin nan aljihunka," na ce. "Kuma miƙo mini takalman, suna cikin jaka."