Wa Ya Kashe Lemon Baba Mai Lambu

"Ɗauke kwanonki," in ji Baba Mai Lambu daga kan gadon jinya, ya juya fuska bango. "Ba na cin abincin wadda ta kashe min lemo."

Mai Wanki ta yi turus, kwano a hannu. Shekara da shekaru katanga ɗaya ce tsakaninsu, tana wanki da guga, yana ban ruwa, ko cacar baki ba su taɓa yi ba. Bana bishiyoyinsa suka yi fure, furen ya kakkaɓe tun bai zama 'ya'ya ba, ganye ya nannaɗe. Tsohon ya rantse ruwan sabulunta ne ke bi ta ƙarƙashin katanga.

"Haba Baba! Ni da ruwan ɗauraya ma nake sake yin wani wankin? Ina na ga na zubarwa?"

"Kya faɗa."

Ita ma tana da nata zargin. Ɗansa, direban tifa, ya daɗe yana so a yanka lambun fulotai, kuma ta taɓa hango shi tsugune a gindin wani lemo da galan. Tana fitowa ta tare shi a bakin ƙofa.

"Kai, me ke cikin galan ɗin nan ranar?"

"Ruwa ne, Inna. Rijiyar lambun ta koma laka. Daga wurin aiki nake ɗebowa a ɓoye, kada hankalinsa ya tashi." Ya kalle ta ta gefen ido. "Ni ma fa ke nake zargi."

Maganarsa ba ta gama kwanta mata ba. Sai washegari, da ta kai kayan guga can bayan gari, ta ratsa lambunan da babu mai wanki kusa da su. Duk sun bushe a tsaye. Damina bayan damina ruwa yana makara, yana ɗaukewa da wuri. Inda a da ciyawa ke kai mata gwiwa, yanzu ƙaya ce kawai ke kama zani.

Ta juyo da sauri don ta gaya wa tsohon cewa fari ne. Ta tarar da takalman mutane jere a ƙofar ɗakinsa, direban na zaune kan dakali ya dafe kai.

"Ya cika, Inna. Har numfashin ƙarshe cewa yake a toshe magudanarki."

Ta buɗe baki, ta rasa wanda za ta gaya wa. Ta zauna kusa da shi, ƙullin wankin mutane a cinya. Wata akuya ta shige ƙofar lambun da aka manta a buɗe, ta miƙe da ƙafafun baya, tana laluben ganye a reshe.