Kibiyar da ke Gonar Albasa

…kuma wai ni za a tuhuma? Ni, Arzika, da duk Garou ke kira Injiniya? To, ni na sa musu sunan a baki, amma ai sun haɗiye.

Tarho na ƙugi cikin aljihu. Ke ce, Munawwara, ɗiyata. Yi ta kira.

Shekara biyu ke nan da kika zo daga jami'a da tukunyar ƙarfen nan mai sauraren girgizar ƙasa, kika binne ta bakin gonar albasata. "Baba, ka ga kibiyar da ke bisa murfi? Arewa take kallo. Ko kaza kar ta taɓa ta." Kaza! Ni da na goya ki bisa keke zuwa lakkwal, makarantar boko.

Kuma na gane karatun sarai. Ƙasa ta girgiza can wata uwa duniya, motsin ya nutse, kusan kilomita dubu uku kika ce, har gindin dutse mai zafin nan da ke zaune bisa narkakken ƙarfe. Dutsen can yana da zare, kamar rake. Motsi ya shiga guda, ya fito biyu: mai bin zare ya riga isowa, mai ƙetare shi ya makara. Tukunya ta faɗi ta wane gefe na farkon ya kaɗa, ku kuma ku san inda dutsen ke malala. A kasuwar Malanville na zuba wa 'yan Kamba wannan bayani, har suka bar awon shinkafa, baki buɗe…

Sai kogi ya cika. Bara, ran sunan ɗan maƙwabcina Latifu. Ruwa har ƙugu. Farfesanki yana ina? Cikin sanyin ofis! Wa ya tone tukunyar? Wa ya ɗauko ta a ka, yana santsi cikin laka da sabuwar shadda? Kwana tara tana ɗakina, na ce miki hadari ne ya hana farantin rana aiki. Ƙarya ce 'yar mitsitsiya, ko gishiri ba ta kai ba.

Ruwa ya janye, na mayar da ita raminta. Kibiyar kuwa… to, mi ke arewa? Gadar kogi da 'yan duwan, masu kwastan! Duk abin da muka taɓa binnewa a garin nan, alƙibla muke juya fuskarsa. Hannuna ne ya yi, bai ma shawarce ni ba. Laifi ne? A kira liman a tambaye shi!

Shekaranjiya kika kira ni da murna: "Baba, tukunyarmu ta ji abin da ba wadda ta ji! Zaren ya karkata gabas. Ran Litinin zan tsaya gaban malamai." Dariyar nan taki ta ranar da kika fara karanta allon shago da kanki.

Jiya kuma: "Farfesa ya ce in tabbatar ba a taɓa kibiyar ba. Na ce masa babana ke gadi."

Babana ke gadi.

Ga fartanya a hannuna, ga ramin. Rana ta take, ba kowa sai balbelu. Sara biyar, in murɗa ta arewa, in shafe ƙasa. Wa ya gani? Injiniya na nan daram. Ke kuma ki hau gaban mutane da alƙiblata a takarda, ki rantse da ita…

Kin taɓa cewa komai na gyaruwa in an san ranar da aka taɓa tukunyar. Na san ranar. Har naman sunan ina tunawa.

Ga tarhon kuma, yana ƙugi. Ni ma magana biyu ke tahowa bakina: ɗaya mai gudu, ta san hanya, shekara hamsin tana bin zarena. Ɗayar tana can baya, tana ƙetarawa da ƙyar.

Yatsana na bisa koren maɓalli. Munawwara, in na ɗauka, ki yi shiru kaɗan… ki jira ta biyun.